Kitson Goggo Bai Taɓa Yin Kyau Ba

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba mu aron Goggo tsawon rai, ya kuma karɓi abinsa ranar da ya so.

Ranar da aka fita da ita, gidanmu na Ƙofar Atiku ya kasa ɗaukar mata. Wasu a tsakar gida, wasu a gindin rumbu, wasu har bakin murhu suna kare fuska daga hayaƙi. Dangi na sani, maƙwabta na sani, amma da yawa daga cikinsu ban san sunansu ba, ƙeyarsu kawai na sani, don a kan cinyar Goggo na saba ganinsu kwance. Wata tsohuwa mai daddawa daga Ƙofar Dundaye ta zame kallabinta a gaban jama'a, ta nuna wani karkataccen kitso, layi ɗaya mai kauri, na kusa da shi siriri, ta ce, "Ku dubi aikinta. To yanzu wa za shi ɓata muna kai?" Aka yi dariya, dariyar ta juye kuka, har wata dattijuwa ta ce a yi salati.

Baffa, ƙanen Goggo kuma wan mahaifina, yana zaure yana karɓar gaisuwa. Bai yi kuka ba. Duk wanda ya ce Allah ya jiƙanta sai ya amsa, ya ƙara da addu'ar da ta zo a littafi, bai rage harafi ba. Haka yake tun da na san shi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba, ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Ita ce Adda, babbar ɗiyar Baffa. Goggo ce ta raine ta, ni ma da mahaifina ya rasu a ɗakin aka ajiye ni, don haka uwa ɗaya muka sani. Tana zaune bakin ƙofar Goggo tana kallon bango, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe, don ana cikin kitsonta ciwo ya kwantar da Goggo. Kafin a watse, mijin Adda ya ja Baffa gefe ya ce shi ya gaji. Saboda Goggo ya yi ta jira, yanzu kuwa babu Goggo. In an yi sadakar arba'in zai kai ta wurin wani malami a hayin gulbi, wanda ke sa wa masu taɓin hankali marin ƙarfe a ƙafa har su dawo hayyacinsu. Baffa bai ce to ba, bai ce a'a ba. Wannan magana ita ta cinye mini kwanakin makoki, har ban samu na yi wa Goggo kukan da ta cancanta ba. Shi ya sa nake rubuta wannan yanzu, ko ya zama madadinsa.

Masu ganin Goggo da tsinken kitso a hannu suna zaton iyakarta ke nan. Ba su san a gaban mahaifi ɗaya suka yi karatu da Baffa ba, ita ce ma ta riga shi sauke littattafan fiƙihu. Gafakarta tana rataye a saman gado, da littafin tibbi a ciki, da na fassarar mafarki, ganyensu ya yi laushi saboda juyawa. Ta yi aure tana yarinya. Shekarar da Nasara suka shigo gari mijinta ya bi masu hijira gabas, ya ce zai aiko a ɗauke ta. Bai aiko ba, ba a kuma samu wanda ya ga gawarsa ba. Sau ɗaya na taɓa ji ta ambaci wannan, tana tsince shinkafa, ta ce mutuwar da aka gani da ido tana da bakin ƙofa, ana shiga a fita, amma wadda aka ji a baki ba ta da shi. 

Matan da ake kawo mata su ne waɗanda aka rasa yadda za a yi da su. Mai jego da ta ƙi duban jaririnta. Wadda barci ya ƙaurace wa. Wadda ke wanke hannu har fata ta tsage. Kullum da littafi take farawa. Za ta tambayi barci, ta tambayi ci da sha, ta dubi harshe da farin ido, ta tambayi al'ada, ta ji ko akwai irin wannan a dangi. Ba ta tsallake ko ɗaya, ko da matar tana ta hamma. In ta gama ta faɗi abin da za a ci da abin da za a bari, ta rubuta abin sha in da buƙata. Daga nan sai ta dubi kan matar ta taɓe baki, ta ce wannan kai ya tsufa, zo a gyara.

Matar za ta kwanta, kanta a kan cinyar Goggo, fuskarta ga bango. Goggo ta fara tsaga, ta yi shiru. Kitson da wata za ta gama kafin tuwo ya nuna, ita sai ta kai la'asar tana yi. Ta kama layi, ta warware, ta sake kamawa. Hankalinta ba a gashin yake ba, shi ya sa bai taɓa yin kyau ba. Ta ce mini mace in tana kallon fuskarka abin da ya dace a ji take faɗa, in kuwa ƙeya ta ba ka, can tsakiyar kai sai bakinta ya manta da kai.

Lokacin da aka sa ni makarantar 'yan mata da Turawa suka buɗe, na dawo da son a jera mini komai, na ɗaya, na biyu, na uku. Na ce ta gaya mini ƙa'idar abin, yaushe ake magana, yaushe ake shiru. Ta yi dariya har tsinken ya faɗi.

"'Yar boko," ta ce, "littafi shina hwaɗa mani inda ramu suke cikin daji. Bai hwaɗa mani inda wagga mata za ta sa ƙafa ba. In na aje littafi mu hwaɗa rami ni da ita. In na tsura mai ido kuma, in ɗago in iske ta yi nisa."

Na ga yadda take yi da idona a kan wata matar maƙeri. Ta yi mafarki haƙorinta ya faɗi, mijinta ya tambayi Baffa a zaure, Baffa ya faɗi abin da littafi ya ce, wani na kusa zai rasu. Matar ta daina barci. Goggo ta san wannan fassarar da ka, ba ta musa ba. Sai da aka kai rabin kai ta tambaye ta, da haƙorin ya faɗi, zafi ta ji ko sauƙi.  Can matar ta ce sauƙi. Daga nan magana ta ɓalle. Ashe surukinta ne kwance shekaru, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, wani lokaci zuciyarta ta ce da ma Allah ya ɗauke shi, sai ta tsani kanta. Goggo ba ta ce mata ba komai ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Ta miƙa hannu ta sauko da gafaka, ta karanta mata inda malamai suka yi bayanin abin da ya gifta a zuciya alhali hannu yana aikin alheri. Matar ta yi kuka ta jiƙe zanen Goggo, ta tafi da kitso rabi a karkace.

Ba kullum take dacewa ba, ita ma ba ta ɓoye ba. An taɓa kawo mata wata amarya mai yawan faɗa, ta rame, hannunta na rawa, gumi ba ya barinta. Ran nan Goggo ta gaji, ta yi tambayoyinta sama-sama, don tun shigowar yarinyar zuciyarta ta ba ta cewa kewar gida ce. Ta yi rani guda tana mata kitso. Baffa ne ya ga yarinyar tana wucewa ta zaure, ya lura da kumburin wuyanta da yadda idanunta suka fito. Ya aiko ciki a gaya wa Yaya ta duba babin kaza, wanda ita ta koya masa. Ciwon jiki ne. Goggo ba ta ce masa komai ba, yaya ba ta durƙusa wa ƙane. Ta dama fura, ta zuba zuma fiye da kima, ta aika zaure. Sannan ta ɗauko littafin tibbi ta sake shi daga farko kamar ɗaliba. Ta ce kunne ya rufe mata ido. Tun daga nan, in ta ji wata a unguwa ta fara kwantar da mata tana kwaikwayonta ba tare da karatu ba, ranta yakan ɓaci ƙwarai.

To, zancen Adda.

Ɗanta na fari ya kai saurayi. Mu nan an san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Adda kuwa ta fi kowa wannan kunya. Ko tuwo za ta ba shi sai ta ajiye ta ce wa iska ga abinci nan. Da aka gama girbi ya bi samari cin rani, suka nufi Kurmi, can kudu, da fatake. Kafin damina abokin tafiyarsa, ɗan wani ƙauye da ke bayan gari, ya dawo shi kaɗai. A zaure ya faɗa wa maza, zazzaɓi ne, an rufe shi can. Abin da ya shigo cikin gida kalma uku ce ko huɗu. Adda tana daka. Ta tsayar da taɓarya, ta yi salati, ta ci gaba da dakanta.

Gari ya ɗauki yabo. Mata suna cewa ku ga kunya, ku ga tawakkali. Baffa ma a wurin karatu ya kawo ta misali, ba tare da ya ambaci ɗiyarsa ce ba, kowa kuwa ya gane. Ni kaina na yi alfahari da ita. Babu wanda ya tsaya ya ga cewa matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta yana raye, ba ta da bakin tambayar yadda ya mutu.

Aka fara da mantuwar gishiri a miya. Sai magana ta ragu, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Wata rana da tsakar rana aka tsince ta bayan Ƙofar Taramniya ba mayafi, tana tsaye tana duban hanya. Mijinta majemi ne, mutum mai haƙuri, ba zan zalunce shi ba. Ya karɓo rubutu wurin Baffa. Ya je wurin malamin asibiti ya karɓo wani ruwa mai ɗanɗanon gishiri da ke sa ta barci kamar gawa, ta farka yadda take. Ga ƙananan yara a gida, ga rijiya a tsakar gida, shi kuma yana majema tun safe. Daga ƙarshe ya kawo ta ɗakin Goggo.

Goggo ta yi tambayoyinta duka, ni nake amsa abin da na sani. Ta hana ta busasshen abinci, ta sa ana shafa mata man shanu a ka, ta bi littafi layi-layi. Jikin ya ɗan murmure, bakin bai buɗe ba. Aka shiga kitso. Damina ta zo ta wuce, Goggo na tsaga tana warwarewa, Adda na kallon bango. A lokacin na fara ganin tsufa a jikin Goggo. In an tashi sai na kama ta ta miƙe, cinyarta ta mutu. Ta ce mini duk abin da ta sani ta zuba, kamar a rairayi.

Wata la'asar ina gefe ina kaɗi, sai na ji Goggo ta yi tsaki. Ta fara mita, ba da kowa ba. Ta ce ita dai ba ta yi sa'ar miji ba. Angon nan nata, tun yana rarrafe ta ce shi za ta aura, ta yi ta ba shi ƙosai da ɗanwake, ashe marowaci ne. Ya tafi Kurmi inda goro yake kamar tsakuwa, ko ɓari ɗaya bai aiko mata ba. Na daskare da mazari a hannu. Wasan kaka da jika ne, wanda ta saba yi wa ɗan Adda yana raye, shi kuma ya ce ya sake ta don ba ta da haƙora. Amma yaron yana kabari. Goggo ba ta dube ni ba. Ta ci gaba, ta ce ga ƙaton kai, ga rowa, ta ma fasa auren.

Daga kan cinyarta wata murya ta fito, a dishe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ba shi da rowa."

Hannun Goggo bai tsaya ba. Ta ce ita dai ba ta gani ba. Adda ta ce ranar da zai tafi ya bar wa ƙannensa dawon da aka yi masa guzuri, ya ce shi ya ƙoshi. Iyakar abin da ta faɗa ke nan ran nan. Bayan ta fita na tambayi Goggo yaushe ta shirya wannan. Ta ce ba ta shirya ba, kewarsa ce ta taso mata ita ma, bakinta ya riga ta, sai da ta ji maganar a waje ta auna ta, ta ga ba ta kauce hanya ba. 

Bangon ɗakin Goggo shi ne bangon zaure. Baffa ya ji komai. Bayan sallah ya shigo, abin da ba ya yi, ya tsaya a tsakar gida.

"Yaya, mamaci ne. An hore mu mu ambace su da alheri. Ke kin ka koya mani."

"Na sani, Modibbo." Haka take ce masa, wato babban malam, in tana son ta tsokane shi.

"To a wane babi kika samu wanga?"

"Ban samu ba. Kai a wane babi ka samu a bar ɗiyarka ta bushe tsaye ana yaba mata?"

Baffa ya ce haƙurin Adda ibada ne, jinya dabam, kada a rushe mata lada da wasan banza. Goggo ta ce uwa ba ta da izinin ta yabi ɗan fari, amma ba wanda ya hana ta ta kare shi in an zage shi, wannan ƙofa kaɗai al'ada ta bari a buɗe, ita kuwa ta nan za ta shiga. Ya ce in kowa ya bi abin da ya faɗo masa a baki, ina amfanin karatu. Ta ce da ba ta yi karatu ba da ba ta san iyakar inda za ta tsaya ba, shi ya sa ba ta taɓa ambaton wani aibi na gaskiya ba. Ya juya ya fita. Ran nan furar da aka aika zaure ta dawo ba a taɓa ba. Sun shirya bayan haka, suna gaisawa, amma maganar ba su rufe ta ba har ta rasu.

Goggo ta ci gaba. Yau ta ce angonta raggo ne, Adda ta ce shi ke ɗebo ruwan gida. Gobe ta ce mummuna ne, Adda ta ce hancin babansa ne. Kaɗan-kaɗan yaron yana dawowa cikin ɗakin ta bakin uwarsa. Ta fara cin abinci da kanta. Sai Goggo ta kwanta. Ciwon bai daɗe ba. Ba ta bar mini wasiyya a kan Adda ba, numfashi bai ba ta dama ba. Da ta cika, bakin Adda ya koma ya rufe.

Da mata suka rage zuwa, na ce ai ina wurin aka yi komai, na haddace. Na shimfiɗa tabarma inda Goggo ke zama, na kwantar da Adda, na ɗauki tsinken. Na yi shiru gwargwadon shirun Goggo. Sannan na yi tsaki, na ce yaron nan marowaci ne, ko goro bai aiko ba. Kalmomin Goggo ne, ban canza ba. Adda ta ɗaga kanta daga cinyata, ta dube ni kallon da ban taɓa gani ba, ta koma lungu. Ran nan ba ta ci komai ba. Sai daga baya na gane. Ni ƙanwar uwarsa ce, uwa ce ni ma. A bakin kaka wasa ne, a bakina zagi ne ga mamaci. Abin da Goggo ta tsinta a kan hanya ni na mai da shi ƙa'ida, ya karye a hannuna.

Kakannin yaron na wajen uba sun daɗe da rasuwa, mahaifiyar Adda ma haka. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ke da izinin yi masa wasa. Na sa mayafi na durƙusa a ƙofar zaure ta ciki bayan ɗalibai sun tashi. Na iske gafakar Goggo a gabansa tare da tasa, littattafai a baje. Kafin na gama magana ya ce ya san abin da ya kawo ni. Ya ce tun da aka rufe Yaya yake nema. Ya sami inda aka hana tona aibin mamaci, ya sami inda aka yi sauƙi a kan hawaye, amma wasan kaka da jikan da ya mutu bai same shi ba, ba a halatta ba, ba a hana ba. Ya murza idanunsa. Ya ce ko da ya samu, shi bai iya wasa ba, yaron yana raye ma bai yi masa ba, karatu kawai ya ba shi. Na ce Baffa, mari fa za a sa mata. Ya ce ya sani. Na tashi.

Aka yi sadakar arba'in, aka raba waina da gumba. Washegari da hantsi mijin Adda ya zo da ƙanensa da jaki, aka ɗaure shi a ƙofar gida. Na haɗa mata zannuwa a ƙunshi. Mijin yana tsakar gida kansa a ƙasa, yana cewa in yafe masa, ba don ƙi ba ne, tsoron rijiya yake.

Sai ga Baffa ya shigo da buzunsa a hannu. Bai dubi kowa ba. Ya shimfiɗa a jikin bangon ɗakin Goggo daga waje, kusa da ƙofa, ya zauna ya ba ɗakin baya. Adda tana ciki. Ya yi gyaran murya irin ta fara karatu, ya ce abokin nan nasa da ya tafi Kurmi ya cika ƙaton kai. Ya faɗe ta kamar mai karanta hukunci. Ba wanda ya motsa. Ya sake gwadawa, ya ce ga rowa. Shiru. Na ga kunya ta kama shi, dattijo mai furfura a gaban surukinsa. Ya kai hannu zai naɗe buzu.

Bai naɗe ba. Ya zauna yana duban yatsunsa, kamar ya manta muna nan. Da ya sake magana muryar ba ta karatu ba ce. Ya ce duk ɗaliban da ya koyar ba a yi mai taurin kai kamar wannan ba, aya ɗaya sai a kwana ana yi. Ya ce dabinon da yake ɓoyewa a gafaka don buɗa baki, kullum sai ya iske ya ragu, ya san kuwa ɓeran. Ya ce har 'yar wuƙarsa ta fiƙe alƙalami, wadda ya gada wurin mahaifinsu, ɓarawon nan ya tafi da ita Kurmi, yau da wuƙar aro yake fiƙe alƙalami. 

"Kai ka ba shi, Baba," in ji Adda daga ciki. "Ina tsaye."

Baffa ya rufe ido. Ya ce haka ne, shi ya ba shi, ya ce ya riƙe ko a hanya ta yi masa amfani.

 Jakin yana ta bugun ƙasa a waje. Sannan muka ji motsinta, ta matso bakin ƙofa, ba ta fito ba.

"Baba, wa yay yi mai wanka?"

Baffa ya koyar da babin wankan gawa ga mutanen da ba su ƙirguwa.  Ya ce, "Ban tambaya ba." Ya dubi surukinsa. Shi ma ya girgiza kai, ya ce da aka ce an rufe shi, sai aka shiga addu'a, ba wanda ya ƙara tambaya. Adda ta ce, an sami likkafani? An fuskantar da shi gabas? Ya kira wani? Tambayoyin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a shirye, kamar ta daɗe tana jera su. Ba mai amsa ko ɗaya a cikinmu.

Baffa ya ce abokin tafiyar yana nan da rai, a nemo shi, ya zo ya zauna a nan inda yake zaune, ya faɗa mata da bakinsa tun daga ranar da zazzaɓin ya fara. Mijin Adda ya daɗe a tsaye yana duban ƙunshin da ke hannuna. Sannan ya juya ga ƙanensa ya ce ƙauyen da nisa, ya hau jakin ya je ya ɗauko shi.

Ina bakin zaure jakin ya fita, ba kowa a bayansa sai ƙanen mijin Adda.

Adda ba ta warke ba, kada wani ya karanta wannan ya zaci haka. Wata rana ta yi magana, wata rana ta wuni da bango. Abokin tafiyar ya zo, wasu tambayoyin ya amsa, wasu ya ce bai sani ba, ta yi kukan da aka ji har maƙwabta, waɗanda suka yaba mata a da suka ce ta zubar da kunya. Tana nan ɗakin Goggo, ni ke kwana da ita in maigidana ya yarda, don ni ma ina da aure, Baffa kuma yakan shigo bayan la'asar da buzunsa. Mijinta ya ce a bari a ga bayan damina. Mun gaji, dukanmu. Amma ƙafarta ba ƙarfe.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka da abin da ta karanta da abin da ta yi da ra'ayinta. Inda ta dace ka ninka mata, inda ta kuskure ka san abin da ta nufa. Ka yalwata mata kabari, ka haɗa ta da wanda ta yi ta jira daga gabas, da angonta na Kurmi. Mu kuma da ta bari da aikin a tsakiya, ka ba mu ƙarfin gobe. Amin.